Hular Alhaji Bukari Tana Nan a Rataye

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Alhaji Bukari makwancinsa, kuma har yau ban gama yafe masa ranar da ya ba da ni jingina ba. Allah ya jiƙansa, amma gaskiya ce. Abokina na yarinta, wanda muka yi kiwon awaki tare, ya ajiye ni a hannun mutane kamar tsohon keke, ya hau babur ɗina ya yi gaba.

Masu karatu su yi haƙuri da rubutun nan. Aji huɗu na yi a firamare na huta, malamai ma suka huta. Gyaran babur na sani. Sunana Ado, kuma in kun ga kuskure, ku ɗora wa edita.

Ga wanda bai san shi ba, Alhaji Bukari bai taɓa riƙe wata babbar kujera ba, amma daga Birnin Kudu har Gwaram ba a yanke maganar siyasa sai an zauna a zaurensa. Wanda aka zaɓa shi yake nema, wanda ya faɗi ma shi yake nema.

Wata damina, da safe muna shan koko, labari uku suka iske shi kusan a tare. Amai da gudawa ya ɓarke a wani ƙauye wajen Yalwan Damai. Shanu sun shiga gonaki a yankin Surko, manoma da makiyaya sun fito da gorori. Sannan ruwa ya cinye kwalbatin wani ƙauye a bayan Basirka, ya raba su da asibiti da kasuwa. Ni da na ji, shawarata ɗaya ce: a ce ba ya gida. Ya kalle ni ya ce, "Ado, tayar da babur. Mota ba za ta iya taɓon nan ba."

Yana da wata ɗabi'a. Ba ya iya zama wuri uku a lokaci guda, kuma ya san talaka ya gaji da jin "ina zuwa". Saboda haka duk inda zai bari aiki bai ƙare ba, sai ya cire wani abu daga jikinsa ya bar musu. Ba zai karɓa ba sai ya cika alkawari. Mutane sun san shi da haka, har tsokanarsa ake yi cewa wata rana zai koma gida da ɗan tofi.

Wajen marasa lafiya muka fara, don a cewarsa su ne ba za su kai gobe ba in an yi jinkiri. Ya sa aka rufe rijiyar da ake zargi, ya aika a taso ma'aikatan lafiya, ya tsaya har ya ga an fara dama ruwan gishiri da sukari. Da za mu tafi, ya miƙa wa liman carbinsa.

A Surko abin ya fi ƙarfin wasa. Dawa ta kai ƙugu, shanu sun kwantar da ita. Manoma a gefe ɗaya, makiyaya a ɗaya gefen, tsakaninsu fili kaɗan. Alhaji ya shiga tsakiya ya saurari kowa, ya ce sasancin zai ci lokaci, kuma can bayan Basirka an ce mutane sun fara tsallaka ruwa da ƙafa. A jira shi kafin magariba, kada kowa ya ɗaga hannu.

Wani dattijon manomi ya ce, "To me za ka bar mana, Alhaji? Hular?"

"Hula tana da masu ita. Ga Ado."

Na waiga ina neman wane Adon. Kafin in buɗe baki ya karɓe makullin babur.

Aka shimfiɗa min tabarma a tsakiyar filin. Wani saurayi mai zafin kai ya ce, "In bai dawo ba me za mu yi da wannan?" Ardo, shugaban makiyayan, ya ƙare min kallo daga sama har ƙasa ya ce, "Wallahi ko maraƙi bai kai ba." Aka yi dariya ɓangare biyu, dariyar farko a ranar, kuma a kaina aka yi ta. Na karɓa hannu biyu. Matan Fulani suka aiko min da nono, manoma suka kawo gasasshiyar masara. Don kada a ce na nuna bambanci, na cinye duka.

Rana tana sauka, surutu yana raguwa, samari suna matsowa. Na san in aka kira salla bai iso ba, ba ni za a taɓa ba, juna za su far wa, kuma gawar farko ba za ta zama ta ƙarshe ba. Don in ɗauke musu hankali, na ba su duk labarin da na sani, har da na ƙarya.

Sai muka ji kukan babur ɗina, wanda ko a kabari zan gane shi. Alhaji ya sauko, taɓo har gwiwa, kai babu hula. Dattijo kamarsa, a gaban jama'a, kai a buɗe. Kowa ya gane cewa wasu ma suna can suna jiran sa da tasu masifar. Ba a tashi ba sai da aka zaɓi dattawa daga kowane ɓangare su kimanta ɓarna, aka kuma amince a sake fitar da burtali, hanyar shanun da gonaki suka cinye.

Carbi ya dawo hannunsa bayan ciwo ya lafa. Ni ma an fanshe ni, ko da yake ba wanda ya yi murna sai matata, ita ma ban tabbata ba. Hular ce ta rage. Ya bar wa mai unguwar ƙauyen bayan Basirka, ya ce ba zai karɓa ba sai an gina kwalbati na siminti. An yi gayya an cike wurin da duwatsu da itace, shi kuma Alhaji ya shiga bin ofis-ofis. Yana cikin bi ajali ya riske shi.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Masifu ba su ragu ba, sun ma koyi zuwa tare: ga tsadar taki, ga ambaliya, ga rikicin gona. Yanzu kuwa shugaba zai jajanta wa ƙauye uku a waya kafin shayinsa ya huce, har da hoto. Na san Alhaji ba zai zagi kowa ba, ba halinsa ba ne. Zai dai karkata kai ya tambaya, "To me suka bari a can?" Ba waliyyi ba ne. Yana da taurin kai, kuma bai taɓa sa min mai a babur ba. Amma bai taɓa barin mutane da baki kawai ba.

Bayan rasuwarsa mai unguwa ya kawo hular gidan makoki, a naɗe cikin ƙyalle. Hajiya, matar marigayin, ta aiko daga ciki cewa a mayar. Ta ce, "Ya ce sai an gina. An gina?" Haka ya koma da ita. Hular tana nan a rataye a zauren mai unguwar, ta koɗe, kuma bana ma ruwa ya sake raba ƙauyen da asibiti.

Shekara goma sha ɗaya ina jiran wani babba ya je ya fanso ta. Na daina jira. Ba ni da kujera, ba ni da turanci, amma na taɓa zama jingina, na san aikin zama ne da rashin kunya, kuma duka biyun Allah ya hore min. Na cire tawa hular na ba Hajiya ajiya. Saboda haka duk ma'aikacin da ya fito ya ga wani tsoho mai sanƙo zaune a ƙofar ofis, rana tana dukan ƙoƙon kansa, kada ya kira masu kama mahaukata. Ado ne. Ba zan rufe kan nan ba sai ranar da na hau babur na tsallaka kwalbatin siminti na sauko da ta Alhaji daga ƙusa.