Yajin Kyanwar Muntaka

Muntaka taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka ina da izinin faɗin duk abin da na ga dama a kansa, shi kuma ya haɗiye. Shekara hamsin da ɗoriya ya yi yana noma a Gatawa, bai taɓa kwana uku a wani gari ba, sai da mutanen daji suka koya masa tafiya. Ya iso Sabon Birni da matarsa Saude, da tabarma biyu, da rabin buhun irin gero, da kyanwa a cikin kwando. 'Ya'yansu huɗu an raba wa dangi, biyu Isa, biyu Sakkwato, don ɗakin da aka ara masu ko ƙafa za ka miƙe sai ka nemi izinin na kusa da kai.

Wannan irin shi ne dukiyarsa. Na ubansa ne, kuma yana nuna da wuri, abin da duk mai noma yana waige-waige yake so. Ko ranar da tukunya ba ta hau murhu ba, bai bari Saude ta taɓa shi ba. Rumbu babu, sai ƙuryar ɗaki, ɓerayen unguwar kuwa sun fi mai unguwa sanin abin da ke kowane gida. Kyanwar ce ke gadi. Ni na raɗa mata Dogariya.

Da bazara Dogariya ta haifi uku. Ba su gama wayo ba masu so suka yi layi. To, mutanen ƙauye yanzu sai ranar kasuwa suke shigowa, a ayari, su koma a ayari kafin la'asar. Sai Muntaka ya raba ukun duka a wuni guda.

“Malam, ka bar mata ko guda,” in ji Saude. “Ba a kwashe wa uwa ɗiyanta duka rana ɗaya.”

“In ban ba su yau ba, sai yaushe? Dabba ce, gobe ta manta.”

Ba ta manta gobe ba. Ta leƙa kwando, ta leƙa bayan randa, ta hau katanga tana wani irin kira da ban taɓa jin ta yi ba, ga nono ya cika mata har tana tafiya a tale. Kunu ba ta sha ba. A rana ta uku ta fita, ba ta dawo ba.

Na ce, “Taubashi, Dogariya ta yi yaji. Sai ka sa babbar riga ka je biko.”

Bai yi dariya ba, don ɓeraye sun riga sun ji labari. Ya rataye buhun, suka biyo igiya. Ya juye a tukunya ya rufe da faifai, suka ci faifan. Kullum da safe sai ya tsugunna yana tsince ƙwayar gero daga cikin kashin ɓera, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas.

“Za ni Unguwar Lalle,” ya ce mini. “In karɓo wadda na ba surukina Lawwali. In uwar ta ji kukan ɗiyarta, ta dawo.”

“A wagga hanya? Don kyanwa? In an tare ka, mi za ni ce wa mutane?”

“Ka ce don iri.”

Ya bi baburan 'yan kasuwa da suka juya. Dawowar ce ta yi wuya: kwana uku yana jiran abokan tafiya, Saude kuwa duk ƙarar babur sai ta fito ƙofa. Ya iso da 'yar kyanwa a aljihun riga, ta zane masa ciki kamar ya je wurin wanzami.

Wa zai gani kwance a kan tukunyar iri? Dogariya. Ta dawo da kanta tun washegarin tafiyarsa, nono ya ƙafe, har ta ajiye ɓera biyu a bakin ƙofa. Muntaka ya durƙusa ya ajiye mata ɗiyarta. Ta shinshina sau ɗaya, ta tayar da gashin baya, ta yi huci, ta wanka mata mari. 'Yar ta shige ƙarƙashin tabarma.

“Warin wani gida ta ji,” in ji Saude. “Ba ta gane ta ba.”

Ina da zolaya wajen biyar a bakina. Sai na ji Muntaka ya ce a hankali, “Kwana goma kacal fa.” Ya dubi Saude, ita kuma ta dubi randa. Nasu 'ya'yan shekara biyu ke nan a gidajen mutane. Na haɗiye zolayata.

Da la'asar ya sa aka bakace abin da ya rage, ya auna: tiya huɗu. Ba zai kai rabin gonar Gatawa ba. Ya ce ba komai, dama gonar ba ta zuwuwa. Da ruwan shuka ya sauka, ya zuba shi a ɗan filin da aka ara masa a bayan gari, inda in ya ɗaga kai yana hango gidaje.

Yanzu kyanwa biyu ke gadin tukunya, kowacce da kusurwarta, ba mai kallon wata. Muntaka ya ce daga an yi girbi zai je Isa ya ɗauko ƙaramar 'yarsa. Saude ta tambaye shi inda za ta kwanta. Ya ce a matsar da randa.