Aboka, Ba Boka Ba

Yau shekara biyu da rasuwar kakata. Ranar da zan bar Gaya zuwa jami'a a Yamai, na same ta tana suyar kifi, hayaƙi ya cika rumfa. Kunnenta ya yi nauyi, ni kuma muryata ba ta fita. Na ce mata aikin lauya zan karanta, in zama aboka.

Ta ajiye matsami. "Boka, mai gidana? Jikan liman? Ban sa albarka ba!"

Mota tana jira, kunya ta hana ni ɗaga murya. Na bar bayani sai hutu, amma ba ta kai hutun ba.

Allah ka haskaka kabarinta, ka sanar da ita abin da na kasa faɗa da ƙarfi.