Gabar Inna Adawiyya da Gizo-gizo

Duk ƙauyen Kazage an san Inna Adawiyya, mai lambun tumatir a bakin rafi, ba ta kashe gizo-gizo. Tun tana yarinya kakarta ta ja mata kunne cewa shi ya saƙa yana a bakin kogo ya ɓoye Manzon Allah. Ko a bakin tukunyarta ta gan shi, da kara take ɗauke shi ta kai waje.

Da 'yan bindiga suka hana noman gonakin daji, mijinta kuma ya rasu, ɗan lambun nan kaɗai ya rage mata. Sai ga wasu ƙananan gizo-gizo jajaye, ba su kai ƙwayar gero ba, sun lulluɓe ganyen da yana. Ta ƙyale su don alfarmar kakansu. Kafin ta ankara, tumatirin ya yi rawaya, ya bushe a tsaye.

Ranar da ta tuge shukar ba ta yi kuka ba. Ta tara ta cinna mata wuta, ta tsaya tana kallo har ta zama toka. Tun daga nan kullum safiya tana bin sabon dashe ganye-ganye da ruwan darbejiya da barkono, wanda ya tsira ta murtsuke shi da babban yatsa.

Maƙwabcinta Jaji ya ce, "Inna, ina maganar kogo?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wancan asiri ya rufa, Jaji. Waɗannan nawa suka tona, kuma ko ɗaya ba zan bari ba."