Shekarar Da Na Sa Lalle

Ni dillalin awaki ne a kasuwar Kurfi, ƙafa ce jarina. Bokona bai wuce aji biyu ba, shi ma rabinsa a bisa mangwaron makaranta na yi shi. To a bazarar da tafin ƙafafuna suka fara zafi kamar na taka garwashi, ban gaya wa kowa ba sai mai ɗakina. Dalili kuwa, wani maƙwabcinmu ya je asibiti da ciwon ƙafa a kan mashin, ya dawo da sanda da ƙafar wando guda a naɗe. Na ce ni da asibiti sai dai dubiya.

Babu abin da ban shafa ba. Man kaɗanya, man zafi na 'yan koli, dakakken ganyen bedi, wato dogon yaro. Na tura ƙafa cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa har mai ɗakina ta ce in na ƙara za ta daina shan ruwan gidan. Ita ce dai ta kawo shawarar lalle.

"Malam, lalle sanyi gare shi. Mu mata mun sani."

Na ce, "Ke, da gemuna?"

"Ai ba a gemun za a sa ba."

Ta kwaɓa, ta lafta mani har idon sawu, ta ɗaure da leda. Wallahi na ji sanyi, na yi barcin rana mai daɗi. Da aka kwance, sai ga ƙafafu jawur har farce. Ashe baiwar Allah irin kwaɓin biki ta yi, da lemun tsami da komai, don ita shi kaɗai ta iya. Zafin ya dawo washegari, jan kuwa ya zauna daram.

Sai na koma sa safa, a tsakiyar bazara. Alwala a gida, masallaci sahun baya. Mutane suka fara cewa tsoho ya ƙara tsoron Allah, ni ko ban musa ba.

Taubashina, ɗan gwaggona da ke Rawayau, shi ya tona ni. Tun muna yara ba ya ganina ya ƙyale. Ranar kasuwa ya tarar da ni zaune a gindin bedi na kasa bin mai saye zuwa turke, ina ta murza ƙafa. Kafin in ankara ya fizge safa ɗaya.

"La ilaha! Amarya, yaushe aka ɗaura ba a gayyace ni ba?"

"Ba ni safata, tsohon banza."

"Wa ya biya sadakin? An cuce shi!"

Dillalai suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Amma da ya tsuguna zai mayar mani da safar, sai ya daina dariya. Ya zaro wata ƙaya daga dugadugina ya nuna mani. Ban san ta shiga ba, ban ji fitarta ba. Ya ce, "Hau mashin." Na ce ba inda za ni. Ya ce to zai zagaya kasuwa da safar a kan sanda. Na hau.

Duk hanyar asibitin Dutsin-Ma ina kallon ƙafafuna a kan matakin mashin, ina tunanin wacce za a bar mani.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta dubi ƙafafun, ta cije leɓe, ta ce, "Baba, wa ya yi maka? Hannunta na da kyau." Ta sa na rufe ido tana taɓa tafin da wani siririn abu kamar zaren kamun kifi. Wani wurin na ji, wani wurin shiru. Aka ɗibi jini. Ta ce ciwon sukari ne ya fara taɓa jijiyoyi.

Na kasa haƙuri. "'Yata, wacce za ku yanke?"

"Ba ko ɗaya, Baba. Jini na gudu, ramin ƙayar bai ruɓe ba. Wanda ake yanke wa, ɓoyewa ya yi har ta lalace."

Na ji kamar an sauke mani buhun gero daga ka. Ta rubuta ƙwayoyi, ta hana ni shayi mai sukari da yawo ba takalmi, ta ce kullum a duba tafin da madubi. Lalle kuma a bari, don yana rufe ciwo ba a gani. Sannan ta ba ni wani man shafawa, wai da barkono aka yi shi. Na ce ni da na zo da wuta, barkono za a ƙara mani? Ta ce in daure kwanakin farko, kuma kar ya taɓa wurin ƙayar. Na daure. Zafin bai tafi duka ba, amma ya koma abin da mutum zai yi ciniki da shi.

Jan fata ya goge da wuri. Na farce ne ya daɗe, yana hawa sama a hankali ina yanke shi. Na daina sa safa. Har yau in na shiga kasuwa taubashina na kwaɗa mani "Amarya!" daga nesa, ni kuma in taka zuwa wurinsa da ƙafafuna biyu in zage shi.