Babbar da Kamilu Ya Ɗauko Daga Gusau

Kamilu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni kuma na goya shi, saboda haka in na faɗi halinsa ba gulma na yi ba. Tun yana yaro a gidanmu na Bungudu ba a ba shi rabon abu. In Inna ta miƙa masa ƙosai ta ce ya raba wa yara, sai ya rabar har ya manta da kansa, in kuma wani ya zo a makare ya tsaya yana zare ido kamar shi ya cinye. Haka ya girma da abinsa. Mutane suna cewa kirki ne. Ni da nake yayarsa na san rabi kirki ne, rabi kuma tsoron kallon idon mutum ne a ce masa babu.

Da gyaran rediyo ya fara. Bai bar rediyon kowa lafiya a gidan ba, har ta Baba sai da ya farke cikinta. Da ya gama sakandare wani mai shagon kwamfuta a Tsafe ya ɗauke shi, can ya yi shekaru yana buga wa mutane takardu yana koyon gyara. Da hanyar Tsafe ta fara ba mutane tsoro, Inna ta sa kuka ta ce ya dawo gida. Ya dawo, ya auri Lantana, ya kama shagon da ke jikin gidana, bango ɗaya da ɗakin da nake ɗinki. Duk abin da na sani game da kwamfuta ta wannan bangon na ji shi, ba don ina so ba.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne jarrabawar shiga jami'a, wadda yanzu a kan kwamfuta ake yin ta. Ya ce a Tsafe ya sha ganin yaran ƙauye masu ƙoƙari, karatu a kansu, amma ba su taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Su shiga a tsorace, su fito suna kuka. Ya ce shi dai zai buɗe wurin da yaro zai zauna ya taɓa abin nan, ya saba da shi, kafin ranar ta zo.

Maigidansa na Tsafe da zai rufe shago ya bar masa tsofaffin allunan kwamfuta da madannansu, suka cika ɗakin. Sai dai allunan nan ba su da ƙwaƙwalwar kansu. Dole a haɗa su duka da uwa guda wadda za ta riƙa yi musu tunani, a cikin uwar nan kuma akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, furosesa sunansa, shi ne ƙwaƙwalwar. Shi Kamilu ya tafi nema Gusau, wata safiya da damina. Na bi shi don ina da sayen zare da yadi a kasuwa.

Mai shagon, Shehu, mutum ne mai gaskiya, wannan kam na shaide shi. Ya fito da guda biyu ya ajiye a kan gilashi.

"Wagga ta kwamfutar tebur ta," in ji shi, ya nuna ƙaramar. "Tana da sauri, ba ta cin wuta, solar da kake da ita ta ishe ta. In ta samu matsala, duk shagon da ka shiga nan Gusau kana samun kayanta. Amma yara kaɗan taka ɗauka lokaci guda. In ka cika mata, sai ta riƙa jan ƙahwa."

Kamilu ya ce, "Kaɗan kamar nawa?"

"Ba su kai rabin kujerunka."

Sai ya taɓa ɗayar. "Wagga kau ta saba ta, irin manyan injinan da kamfanoni ka aje ma ma'aikatansu. An yi ta don ta wuni ta kwana tana aiki. Ɗakinka duka tana ɗauka ba ta ji komi ba. Amma hwa in gaya maka, ba ta zama gidan waccan. Gidanta daban, kayanta daban, sai Kano aka samunsu. Ga ci gare ta. Sola ba ta yi mata, janareto taka so, da ɗaki mai sanyi."

Kamilu ya ɗauki wannan ya juya, ya ajiye, ya ɗauki waccan. Ya waiwayo ya ce, "Yaya Saude, mi kika gani?"

Na ce, "Ni mai keken ɗinki ka tambaya? To ɗauki wadda rana ka ciyarwa. Rana ba ta yankewa. Ka raba yaran, wasu da sahe wasu da marece."

Ya girgiza kai. Ya ce yaran Nahuce da sauran ƙauyuka da safe kawai suke iya zuwa, iyayensu ba sa yarda la'asar ta same su a hanya. Na cikin gari kuma da yamma suna Islamiyya. Kowa safiya yake so, kuma iyaye da yawa sun riga sun yi masa magana, duk ya amsa musu.

"In na ɗauki ƙaramar, Yaya, wa za ni ce ma shi koma gida? Ɗiyan wa?"

Na ce masa ai ba a raba abu kowa ya samu yadda yake so. Bai ma ji ni ba. Ya fita waje ya tsaya, ya dawo, ya sake tambayar Shehu abin da ya riga ya tambaya. Na je na yi sayayyata na dawo na same shi inda na bar shi, gumi ya jiƙa masa riga. Har aka kira azahar. Ya san ƙaramar ce daidai da ƙarfinsa, a fuskarsa na gani, amma duk sanda ya kai hannu gare ta sai ya tuna da wani uba da ya ce wa to. Daga ƙarshe ya zaro kwamfutarsa ta cinya daga jaka, wadda yake aiki da ita tun Tsafe, ya haɗa wa Shehu a cikin cinikin. Ya ɗauki babbar da gidanta. Raina a ɓace muka iso Bungudu.

Gidan nata wani dogon ƙarfe ne mai nauyi, sai da mutum biyu suka shigar da shi. Ranar da aka kunna, Lantana ta fito da gudu ta ɗauka injin niƙa aka kawo unguwar. Amma fa ya yi aiki. Allunan nan duka suka kama haske lokaci guda, kowace kujera da yaro a kai, Kamilu yana zagayawa a bayansu bakinsa har kunne. Ban taɓa ganin sa da farin ciki irin na waɗannan 'yan kwanakin ba. Har na fara cewa a raina ko ni ce ban gane ba.

A cikin kwanakin ne Malam Bawa, wani manomi daga Nahuce, ya kawo 'yarsa Bara'atu a bayan babur. Yarinya ce shiru-shiru, ta gama sakandare, malamanta sun ce ba ta da na biyu a ajinsu, aikin jinya take so ta karanta. Uban ya ce yanzu hannu ya yi musu kaɗan a gona, amma da an kai amfani gida za ta fara zuwa.

Kamilu ya ce, "Kujeratta na nan, Baba. Duk randa ta zo."

Ba a kai ga girbi ba aka hana sayar da fetur a jarka saboda rashin tsaro, aka kuma katse layukan waya. Janareto ya yi shiru. Kamilu ya gwada jona injin da sola, na'urar solar ta ƙwalla ƙara ta ɗauke, har fitilar shagon ta mutu. Sai ya koma kai babur ɗinsa gidan mai, a zuba masa ɗan abin da aka yarda, ya dawo ya zuƙe da tiyo ya juye wa janareto. Bakinsa kullum warin fetur. Injin kuma kafin ya gama farkawa ya haɗa allunan ya sha rabi, abin da ya rage ba ya kai su hantsi.

Ranar da aka samu mai, ƙarar injin ce take shela. Yaran cikin gari su ji su sheƙo su cika kujeru. Nahuce ba a jin ƙarar, ga shi babu waya balle a ce mata yau akwai. Bara'atu ta fara zuwa bayan girbi kamar yadda uban ya ce, kuma duk zuwan da ta yi a kashe ta tarar. Sai ta shigo ɗakina ta gaishe ni, ta zauna a kan tabarma ta buɗe littafinta, ni ina taka keke. In rana ta yi sama ta ce mini, "Inna, za ni koma." Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, wannan ne ma ya fi ci mini rai.

Kamilu ya koma Gusau ya roƙi Shehu a yi musaya. Shehu ya ce ƙaramar an saye ta tuni, kwamfutarsa ta cinya ma ta tafi. "Wagga kau in na amsa, wa za ni saida ma? Duk garin ga babu mai gidan da taka shiga." Ya zaga shaguna har ƙafarsa ta gaji, kowa ya ji sunanta sai ya ce Allah ya kawo mai so.

Waya ta dawo, aka sassauta dokar jarka, muka ce an huta. Sai man kansa ya yi wuya ko'ina, layi har ya sha kwana. Kafin a fita daga wannan bazara ta shigo. Shagon rufin kwano ne. Ya jiƙa buhuna ya rataya a taga, ya ɗauke fankar ɗakin Lantana ya kafa wa injin, duk da haka da ya ɗan yi aiki sai ya kashe kansa don zafi. Wata safiya aka danna bai tashi ba. Kamilu ya buɗe cikinsa ya gano abin da ya ƙone, kuma kamar yadda Shehu ya faɗa, babu irinsa sai Kano. Ya aika, aka ce ana nema. Kullum ana nema.

Ya rame. Ya daina zama majalisa don kada ya haɗu da iyayen yara. Na tausaya masa har na daina yi masa tsiya, abin da ban taɓa dainawa ba tun yana goye.

Ana saura 'yan kwanaki jarrabawa ya zaunar da Bara'atu gaban baƙin allo, ya ɗora mata yatsu a kan madannai. Ina jin sa ta bango. Nan za ki danna ki zaɓi amsa. Nan ki wuce gaba. Nan ki dawo baya. Wannan kuma kada ki taɓa shi sai kin gama duka, shi ne na miƙawa. Tana ta cewa to, Malam. Allon bai nuna mata komai ba sai fuskarta.

A Gusau suka yi jarrabawar. Washegari da hantsi sai ga Malam Bawa da ita a kan babur, da zakara ɗaure a baya. Ya sauka yana murmushi, ya kama hannun Kamilu da hannu biyu.

"Malam Kamilu, Allah shi saka da alheri. Ta ce mani ta riga kowa ƙarewa. Duk ɗakin, har da ɗiyan birni!"

Na ga fuskar Kamilu ta canza. Ya ce wa uban ya zauna a benci ya sha ruwa, ya kira yarinyar ɗakina. Ta durƙusa kusa da keke, kanta a ƙasa.

Ya ce, "Bara'atu, tambaya nawa kika amsa?"

Ta ce na farkon ne kawai, ba su da yawa. Da allon ya kawo haske, in ji ta, komai ya bambanta da yadda ta zana a ranta. Ta ji tsoron kada amsoshin da ta zaɓa su goge, sai ta danna wani wuri don ta adana su. Wani ɗan akwati ya fito yana tambayar ta ko ta tabbata, ta ce e. Shi ke nan allon ya rufe. Ta ji kunyar ɗaga hannu, ta ji kunyar tashi, sai ta ɗora hannuwa a cinya ta zauna tana kallon allon har aka tashi kowa. Da uban ya tambaye ta a bakin ƙofa, abin da ta iya ce masa ke nan, ta riga kowa gamawa.

"Na kau san su, Malam," ta ce a hankali. "Waɗanda na gani duka na san su."

Kamilu ya jingina da bango. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini.

Daga waje Malam Bawa ya yi kira. Muka fita muka tarar ya kwance zakaran yana riƙe da shi. Kamilu ya ce a'a Baba, don Allah a bar shi, bai yi komai ba. Dattijon ya yi dariya ya ce wannan ai kunya ce irin ta malamai, ya danƙa masa a hannu. Ya ce baɗi in Allah ya kai mu ƙanenta zai kawo, a ajiye masa kujera tun yanzu.

Bara'atu ta hau bayan babur ba ta ɗago kai ba. Suka kama hanyar Nahuce, uban yana ɗaga mana hannu. Kamilu yana tsaye a ƙofar shago, zakara na fuffuka a hannunsa, ya buɗe baki zai kira dattijon, har babur ɗin ya sha kwana bai kira ba.