Bencin Ƙafa Shida na Barnabas

Ɗora zarto a kan katako tun ba a gama shawara ba, ita ce cutar kafintocin zamanin nan. Kuɗin mai ya shigo gari, kowa gudu yake yi. Shi ya sa nake so a san Barnabas na Ƙofar Marke, wanda ya rataye zartonsa a watan jiya saboda ido ya gaji.

Mutumin Zuru ne, amma a Sakkwato ya yi furfura. Da safe in ya share rumfarsa, ba guduma yake fara ɗauka ba. Fensir yake sokewa a bayan kunne, ya tafi wurin masu katako ya auna abin da motocin kudu suka sauke. Ba ya zana ko kujera sai ya san tsawon itacen da za ta fito daga ciki. A wurinsa, tsadar kaya da araharsa ranar zane ake yanke su. Ranar buga ƙusa, aikin gama ya gama.

Shekarar da gwamnatin soja ta ce kowane yaro ya shiga firamare, Alhaji Sodangi ɗan kwangila ya samo aikin bencuna. Ya raba shi biyu, rabi ga Barnabas, rabi ga maƙwabcinsa kafinta Maigandi. Da wannan aikin Barnabas yake sa ran rufa wa iyalinsa kwano kafin damina.

Nan take Maigandi ya zana benci ƙafa bakwai, da majingina, ƙafafu a lanƙwashe don kyau. Rumfarsa ta cika da ƙarar zarto. Ta Barnabas kuwa shiru, sai benci ɗaya na gwaji da yake haɗawa yana warwarewa.

Alhaji ya zo rai a ɓace. "Barnaba, mi kaka jira? Ɗiyan mutane su zamna ƙasa har su yi gemu?"

Maigandi ya leƙo. "Bar shi, Alhaji. Addu'a shika yi ma katakon."

Barnabas ya ce, "Ranka ya daɗe, katakon nan ƙafa goma sha biyu yake zuwa. In na yanka shida, kowane ɗaya zai ba ni mazauni biyu, ba abin da zai faɗi ƙasa sai gari. In na yanka bakwai, ragowar biyar ɗin wa zai zauna a kai?"

"Ni dai Jumma'a in ban ga aiki ba, Maigandi za ni ba duka."

Saratu matarsa ta ce ranar ko tuwo bai taɓa ba. Amma bai ƙara ko inci ɗaya ba. Da ya fara yanka kuwa, awo ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, ƙafafu miƙaƙƙu, benci yana hawa kan benci a mota. Kafin Jumma'a Alhaji ya daina faɗa.

Kai ne, Barnabas, mai jinkirin da ke riga masu gudu isa. Kai ne ka tsallaka zuwa rumfar wanda ya yi maka ba'a, ka nuna masa yadda zai fid da kujerun mata daga guntayensa, ba ka tuna masa da maganar addu'a ba. Mun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya bar ka da Saratu a ƙarƙashin kwanon nan.

Ku kuma masu sana'a, ku je ku gaishe shi, ku koyi auna itace kafin zane. In kun ƙi, ga abin da ya sami Maigandi: katakon mazauni ninki biyu ya saya, mota sau biyu ta yi masa jigilar abin da ta kwashe wa Barnabas sau ɗaya, kwangilar gaba ta wuce shi, guntayen da suka rage kuma masu tsiren unguwar Gidan Dare suka hura wuta da su.