Kifin da Bai Hau Sikeli Ba

Tun ina yaro a garinmu na bakin kogi aka san ni da ƙarin gishiri. In na ga ɓera a hanya, kafin in kai gida ya zama gafiya, in an ba ni wurin zama kuma ya zama ɗan akuya. Mahaifina tela ne, yakan ce da bakina yadi ne da ya ɗinka wa duk garin riguna har a samu ragowa. Mutane suna dariya, ni ma ina yi, ban taɓa ɗaukar abin a bakin aibi ba sai da na zo Landan.

Mutumin da zan ba da labarinsa ɗan garinmu ne, ya girme ni da shekara biyar, Yaya nake ce masa, shi kuma ɗan tela yake kirana. Babban ɗan Sarkin Ruwan garinmu ne. Ranar da zai taho karatu, Baba, wato mahaifinsa, bai raka shi tasha ba. Yana zaune yana gyaran koma ya ce masa, "Ka bar ruwa, ruwa zai manta da kai." Karatun bai ƙaru ba. Lokacin da na same shi, wajen ƙarshen shekarun tamanin, motocin bas yake wankewa a wani gareji a Plumstead, ni kuma ina tura gadajen marasa lafiya a asibiti, ina kwana a wani ɗan ɗaki a Lewisham wanda in ka yi miƙa sai ka taɓa bango biyu. Nakan ce masa ai ruwa bai manta da shi ba, tunda kullum yana riƙe da tiyo. Yakan yi murmushi kawai.

Wani Bature abokin aikinsa ne ya kai shi kulob ɗin masu kamun kifin teku. Suna haɗuwa a ɗakin baya na wani zauren ma'aikata, su sha giyarsu, Yaya ya sha lemonsa. Ranar Lahadi su cika mota su tafi gaɓar Kent, su ɗauki jirgi su shiga teku da sandunan fatsa. Sau ɗaya a shekara, cikin tsananin sanyi, ake babbar gasa. Wanda kifinsa ya fi nauyi a sikeli shi ke ɗaukar kofi, a buga hotonsa a jaridar unguwa.

Shekara biyar Yaya yana bin su. Hannunsa koma da taru ya sani, da mashi, da kwanciya a kan gora a tsakiyar kogi. Sandar nan mai ƙarfen naɗe zare ba ta taɓa yarda da shi ba. Abin da yake dawowa da shi ƙananan kifaye ne waɗanda ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta karɓa. Turawan suna kiransa yariman kogi, kuma ni na jawo masa, domin ranar da na raka shi zaurensu na gaya musu mahaifinsa yana kiran kada da suna ya fito ya gaishe shi.

Sai wasiƙa ta zo daga ƙaninsa. Baba ƙafa ta ƙi, ya daina shiga kwalekwale, kuma in baƙi suka tambaye shi 'ya'yansa yakan ce ɗa guda gare shi a ruwa. Yaya ya zo Lewisham da wasiƙar a aljihu, ya zauna a kan gadona bai cire kwat ba.

"Ɗan tela, na yi mana booking, na sa sunanmu. Gasar bana da kai za a je."

"Ni? Yaya, ni ko a bahon wanka jiri nake ji."

"Ba kifi za ka kama ba. Kamara za ka riƙe. Hoto ɗaya nake so, ni da kifi, in aika wa Baba kafin ya rufe ido. In Allah ya ba da kofin, to. In bai bayar ba, hoton ya isa."

Ya miƙo mini takardar dokokin gasar, ya ce in duba tunda ni ne mai cewa Turancina ya fi na masu shi. Na riƙe ta kamar mai karatu, na kai layi na biyu, na ce, "Babu komai a ciki. Wanda ya kama babba shi ya ci." Na ninke ta na sa a ƙarƙashin ƙafar tebur mai rawa.

Ranar gasar mu bakwai ne a jirgin: mai jirgi, Turawa huɗu har da abokin aikin Yaya, sai Yaya da ni. Na saka riguna har sai da hannuna ya ƙi sauka, na rataya kamarar a wuya, na cusa ta can ƙarƙashinsu don kada ruwa ya taɓa ta. Muna fita daga bakin gaɓa teku ta ɗauki jirgin ta ajiye, ta sake ɗauka. Na amayar da karin kumallo, na amayar da tuwon jiya, ina jin har da kunun da na sha ranar sunana. Mai jirgi ya nuna mini benci a ɗan ɗakinsa da bokiti, na kife a wurin ina ta salati.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Na dai ji jirgin ya cika da hayaniya, ana takawa a kaina, sannan wani abu mai nauyi ya faɗo a kan katako yana duka. Yaya ya leƙo.

"Ɗan tela, taso. Allah ya kawo shi. Taso da kamara."

"Yaya, bari in gama mutuwa tukuna."

"Don girman Allah taso. Minti ɗaya."

Na ɗaga kai na hango shi ta ƙofa. A nan zan faɗi gaskiya ba gishiri, ko da yake na makara. Kifin irin wanda suke kira kod ne, Yaya ya rungumo shi a ƙirji, kansa a haɓarsa, wutsiyarsa ta wuce gwiwarsa. Na yunƙura, jirgin ya tuntsura, na koma kan bokiti. Wani daga cikin Turawan ya zo zai zaro kamarar daga ƙarƙashin rigunana, na sauke masa abin da ya rage a cikina a kan takalmi, ya koma yana zagi. Sau uku Yaya ya kira ni.

Iska ta ƙaru, mai jirgi ya ce kowa ya naɗe zarensa, za a koma. Turawan suka duƙufa kan kayansu. Da bangon gaɓa ya fara bayyana, Yaya ya durƙusa, ya zaro wuƙa, ya yi bisimilla. Kafin wani ya waiwayo ya cire wa kifin kai. Na ji ihun abokin aikinsa, amma aikin gama ya gama. Ya yanka kifin kashi bakwai, ya miƙa wa mai jirgi kan da hannu biyu, ya bi kowane Bature da nasa, ya ajiye nawa kusa da bokitina, ya riƙe wutsiya.

A kan gaɓa akwai wani dattijon Bature zaune da sikeli da littafi. Yaya ya bi mutane ya karɓo kason kowa aro, ya tara a leda ya kai masa. Dattijon ya buɗe, ya duba, ya rufe. Ya ce kifi sai ya zo cikakke, yana nan a rubuce a takardar da aka ba kowa. Mai jirgi da kansa ya sa baki, ya ce a idonsa aka kama, kuma bana bai ga irinsa ba. Dattijon ya ce ya yarda, amma doka doka ce. Aka ba wani kofin a kan kifin da bai kai rabin na Yaya ba.

Yaya ya juyo ya dube ni.

"Ka ce babu komai a takardar."

Sai na karɓi ledar, na jera yankan a kan siminti, kai a gaba, wutsiya a baya, na ce ya tsuguna a ɗauka. Ya tsuguna. Da aka wanko hoton, ga teburin mahauci, ga gwiwar Yaya, ga babban yatsana ya rufe sauran.

A mota muna dawowa na tambaye shi abin da ya kai shi.

"A gidanmu babban kifi ba ya taka tudu da sunan mutum ɗaya," in ji shi. "A cikin jirgi ake raba shi. Kai na mai jirgi ne, kowa da kasonsa, har wanda bai yi komai ba sai kwance. Wanda ya kama shi wutsiya yake ɗauka. Haka Baba ya yi, haka kakana ya yi. Na zaci in an haɗa a sikeli ai nauyi nauyi ne."

Turawan da ke bayanmu suna ta maimaita labarin suna ƙyaƙyatawa. Ba da mugunta ba, amma Yaya ya manna goshinsa a gilashi har muka shigo Landan.

A lokacin kaset muke aikawa gida, tunda Baba ba ya karatun boko. Bayan mako guda Yaya ya kawo rakoda ɗakina. Ya gaida Baba, ya tambayi jiki, ya gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya danna ya tsayar.

"Ɗa ba ya yabon kansa a gaban uba. Kai ka gani da idonka, kai za ka faɗa."

Na yi niyyar rufa masa asiri. A ganina yankan nan shirme ne da ya sa aka yi mana dariya, don haka na tsallake shi gaba ɗaya. Da na fara kuwa sai baki ya kama hanyarsa. Na ce kifin ya kai ɗan maraƙi. Na ce ya ja jirgin har muka hango Faransa. Na ce Turawa sun cire huluna, an ba Yaya kofi mai tsawon tulu, hoton ne kawai ruwan teku ya lalata. Yaya yana zaune yana kallon kaset ɗin yana juyawa. Bai tsayar da ni ba. Ina jin ya riga ya gaji.

Amsa ta zo bayan wata biyu a hannun wani ɗalibi. Muka saurara tare. Da farko dariyar mutane ce a zaure, ana cewa a sake sa wurin Faransa. Sannan muryar Baba, ta tsufa ƙwarai.

"Ɗan tela, ashe kana nan yadda muka san ka. Allah ya bar mana kai." Ya yi tari. "Shi kuma ka ce masa ya riƙe aikin motarsa da kyau. Ba sai an yi mini tatsuniya ba."

Yaya ya kashe rakodar, ya ɗauki hularsa, ya ce gobe da sassafe yake da aiki. Baba ya rasu kafin sanyi ya zagayo. Aka ba ƙanin sarautar ruwa. Yaya bai sake zuwa zauren kulob ba. Abokin aikinsa ya yi ta nemansa, har ya ce za su sa sunansa kyauta, Yaya ya ce a yi cancel, ba zai je ba.

Cikin shekarun casa'in na je gida hutu, na kai wa sabon Sarkin Ruwa gaisuwa. Muna zaune a bakin kogi ya tuna mini kaset ɗin yana dariya. Sai na ba shi labarin yadda ya faru, da bokitin, da wuƙar, da kan da aka miƙa wa mai jirgi. Dariyar ta tsaya.

"A cikin jirgin ya raba? Kafin a sauka?"

"Kashi bakwai. Har ni da nake kwance."

"Wutsiya ya ɗauka?"

Na ce wutsiya ya ɗauka.

"Me ya hana ka faɗi wannan? Ɗan tela ba zai iya ƙirƙiro shi ba, ku ba ku san wannan al'ada ba. Da Baba ya ji wannan kaɗai, da ya san gaskiya ne. Har ya rasu yana cewa teku ta wanke masa ɗa."

Da na dawo Landan na hau bas zuwa Plumstead da niyyar gaya wa Yaya. Na same shi a gareji, cikin dogayen takalman roba, furfura ta cika masa gemu, yana fesa wa wata mota ruwa. Ya tambaye ni mutanen gida, na ce suna gaisuwa. Ya ce, "Wane labari ka kawo mana, ɗan tela? Kogin ya kai teku girma ko?" Na buɗe baki, na ga ko na faɗa, daga bakina zai fito. Na ce masa kogi yana nan. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da wankinsa.

Sandar fatsar tana bayan ƙofata har yau, shi ya kawo ya ce ɗakinsa babu wuri. Takardar dokokin ma na same ta ranar da zan canza tebur. Maganar kifi cikakke tana layi na huɗu.